Yadda Jikin Mutum Ya Zama Layin Sadarwa

Ka taɓa lura testa ba ta kawo haske sai ka ɗora yatsa a gindinta? Jikinka ne ke ƙarasa layin, don ruwa da gishirin da ke cikinsa suna ɗaukar lantarki. Wannan abin da muka raina, yanzu da shi wasu na'urorin asibiti ke aika wa juna saƙo.

Asalin matsalar batir ce. A 1958 aka fara dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin mutum, a ƙasar Suwidin. Sunan majinyacin Arne Larsson. Ta farko awoyi kaɗan ta yi ta tsaya. Kafin ya rasu a 2001, an sa masa guda 26. Sai a shekarun 1970, da batirin litiyam ya shigo, na'urar ta fara kai shekaru masu yawa.

Amma in na'ura za ta aika saƙo da rediyo irin na Bluetooth, tsoka na shanye siginar, sai ta ƙara ƙarfi, batir ya yi ta zuba. A 1995 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Thomas Zimmerman, ya nuna za a iya bi da saƙon ta cikin jiki da 'yar wutar da ko jin ta ba za ka yi ba. Mutum biyu su yi musabaha, bayani ya tsallaka. A 2012 ƙungiyar IEEE ta sa hanyar cikin ƙa'idarta mai lamba 802.15.6.

A 2023 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Aveir DR ta kamfanin Abbott: na'urori biyu, kowace ba ta kai ƙaramin batirin rimot ba, a ɗakuna biyu na zuciya, suna magana ta cikin jini a kowane bugu.

To me ya shafe mu? Mu nan Darini in batirin wayarka ya kumbura, ka kawo shago mu canza, ka wuce. Mai na'ura a ƙirji kuwa, canjin batir aikin likita ne, ga kuɗi, ga tafiya birni. Duk wutar da aka rage, an nisanta masa wannan ranar.

In kana da ɗan'uwa mai irin na'urar, gaya masa kar ya sa waya a aljihun ƙirji, saboda maganaɗisun ciki. FDA ta ce a bar tazarar santimita 15. Allah ya ƙara mana lafiya.