Wata 16 da Chadi ta yi babu WhatsApp

'Yan uwa, tarihinmu na yau daga maƙwabciyarmu Chadi yake. A ƙarshen Maris na 2018 mutanen Njamena suka wayi gari WhatsApp, Facebook da Twitter sun daina buɗewa. A watan ne wani babban taron ƙasa ya ba da shawarar sauya tsarin mulki, sauyin da zai ba shugaban ƙasar na lokacin Idriss Deby, wanda ya hau mulki a 1990, damar zama har 2033. Bayan haka sai aka umarci kamfanonin waya su toshe shafukan.

Masu hali sun koma amfani da VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, amma tana cin data, ga data da tsada a Chadi. Talaka da ƙaramin ɗan kasuwa su suka ji jiki.

Sai a Yulin 2019 Deby ya buɗe shafukan, yana cewa tsaro ne dalili. Mu da zumuncinmu da gida ya rataya ga waya, ya kamata mu san wannan tarihi. Allah ya kyauta.