UB40: Yaran Unguwar Baƙi da Suka Ɗauki Sunan Takardar Rashin Aiki

Duk wanda ya yi samartaka a garin nan tsakanin 1983 da 1995, ko bai taɓa sayen kaset da kuɗinsa ba, ya sha jin kiɗan UB40. Yana tashi a shagon mai kaset, a wurin mai aski, a motar haya ta hanyar Jos, a bikin maƙwabtanmu Bajju ko Kagoro. Da yawanmu mun ɗauka 'yan Jamaika ne, ƙannen Bob Marley. Sai da hoton bayan kaset ya zo hannu muka ga mutum takwas a jere, wasu farare, wasu baƙaƙe, wasu ruwa biyu. Ashe 'yan Ingila ne, daga birnin Birmingham. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsu a wannan fitowa, domin unguwar da ta haife su ta yi kama da tamu ƙwarai.

Birmingham birnin masana'antu ne, na biyu a girma bayan Landan. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, masana'antun sun buƙaci ma'aikata, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Jamaika, Ireland, Indiya, Pakistan da Yemen. Haya ta fi sauƙi a unguwanni irin su Balsall Heath, can baƙin suka taru, ƙofa na kallon ƙofa. Mutanen Jamaika sun zo da kiɗansu na rege, suna kafa manyan lasifikoki a gidaje da dare. Yaron Bature da ya tashi a layin, abin da ya fara shiga kunnensa ke nan ta bangon maƙwabci.

To, mu ma haka garinmu ya samu. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a nan a 1927. A 1933 hedikwatar masarautar Jama'a ta dawo Kafanchan. Kakanninmu sun zo da fatauci, ɗinki, fawa da malanta, suka tarar da Fantswam da Kaninkon a ƙasarsu, Ibo da Yarabawa suka zo aikin reluwe, Bajju da Jaba da Kagoro suna shigowa kasuwa. Yaron da ya tashi kusa da tasha, kafin ya shiga firamare ya iya gaisuwa da harshe uku.

A 1978 wasu abokai 'yan unguwa ɗaya a Birmingham suka yanke shawarar kafa ƙungiyar kiɗa. Akwai Ali Campbell da wansa Robin, 'ya'yan mawaƙin gargajiya Ian Campbell. Akwai Earl Falconer, Jimmy Brown, Brian Travers mai busa, da Norman Hassan wanda yake da jinin Yemen. A farkon tafiyar har da wani mai suna Yomi Babayemi, ɗan asalin Najeriya, ya yi musu kiɗa kafin ya bar su a 1979. Daga baya Mickey Virtue da Astro suka shigo, aka cika takwas. Yawancinsu ba su da aikin yi, kuma ba su ƙware da kayan kiɗa ba. Kuɗin diyyar da aka biya Ali, bayan an ji masa rauni a fuska a wani faɗa, da shi suka sayi kayan farko, suka shafe watanni suna koyo a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ranar 9 ga Fabrairu 1979 suka fara fitowa bainar jama'a, a wani wuri mai suna Hare and Hounds.

Sunan ma labari ne. A Ingila ta lokacin, marar aiki yana zuwa ofis ya sa hannu domin karɓar ɗan tallafin gwamnati, kuma lambar takardar ita ce UB40. Abin da wasu ke ɓoyewa a aljihu don kunya, su suka mai da shi suna. Faifansu na farko, Signing Off, ya fito a 1980 da hoton takardar a bangonsa, ma'anar sunan kuwa: mun daina zuwa sa hannu. Waƙoƙinsu na farko ba na shagali ba ne. "Food for Thought" ta yi magana a kan yunwa a Afirka, "King" kuma a kan Martin Luther King. A 1981 suka fitar da "One in Ten", wato ɗaya cikin goma, adadin marasa aiki a yankinsu a zamanin Margaret Thatcher. A farkon 1982 marasa aiki a ƙasar sun haura miliyan 3.

Mu kuwa ba sai an yi mana tafinta ba. A 1982 Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu, a 1986 Babangida ya kawo SAP. Jirgin ƙasa ya fara latti, albashin reluwe ya fara jinkiri, masu tuwo da masu dako a tasha suka ji a jikinsu. A wannan yanayi rege ya samu gindin zama a Najeriya, har Majek Fashek da Ras Kimono suka fito da faifansu a 1988.

Abin da ya kai UB40 ko'ina a duniya shi ne faifan Labour of Love na 1983, inda suka sake rera tsofaffin waƙoƙin da suka tashi suna ji a unguwa. "Red Red Wine" ta zo ta ɗaya a Ingila a shekarar, ta kuma zo ta ɗaya a Amurka a 1988. Gaskiya waƙar giya ce, kuma da iyayenmu sun san abin da take faɗa da an fasa kaset da yawa a unguwar nan. A 1986 sun yi "Sing Our Own Song" don adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, kuma ranar 11 ga Yuni 1988 suna cikin waɗanda suka yi wasa a filin Wembley don cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku. A 1993 "Can't Help Falling in Love" ta sake kai su matsayi na ɗaya a ƙasashen biyu. An sayar da faifansu sama da miliyan 70.

Birmingham ba aljanna ba ce; unguwar Handsworth ta yi tarzoma a 1981 da 1985. Amma mutum takwas ɗin nan sun zauna tare kusan shekara 30 ba wanda ya fita. Mu a nan, a watan Maris 1987, rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ya bazu har Kaduna, Zariya da Katsina. Aka sake a 1999, aka sake a Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone. Abokan da suka riƙa aron kaset a tsakaninsu suka koma kowa da ɓangarensa na gari.

Su ma UB40 a ƙarshe sun rabu, sai dai a duba ta inda tsagar ta bi. A Janairun 2008 Ali ya fita, yana kukan yadda ake tafiyar da kuɗi da harkokin ƙungiya. Sauran suka ce son yin waƙa shi kaɗai ne ya ja shi. Wani ɗan'uwansu, Duncan, ya maye gurbinsa. A 2011 kotu ta ayyana wasu daga cikinsu a matsayin waɗanda suka karye da bashi. A 2013 Astro ya koma wajen Ali, aka wayi gari da ƙungiya biyu suna jayayya a kan suna ɗaya. Astro baƙar fata ya bi Ali farar fata, Earl Falconer baƙar fata ya tsaya da Robin. Waɗanda suka daina ga maciji su ne Ali da Robin, uwa ɗaya uba ɗaya. A 2021 Brian Travers ya rasu a Agusta, Astro ya bi shi a Nuwamba, ba a kai ga sulhu ba.

Bambancin fata bai raba su ba, kuɗi da riƙon amana ne suka raba su. Mu ma in muka tona rigingimunmu, a ƙarƙashin sunan addini da ƙabila za mu tarar da fili, rumfar kasuwa, sarauta da aikin da ya tafi tare da jirgi. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ake iya zama a tattauna. A Maris 2016 al'ummomi 29 na ƙananan hukumomi biyar sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a nan Kafanchan. Cika ta yana hannunmu, a layinmu da rumfunanmu, tun waɗanda suka san garin nan a haɗe suna raye. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.