Kuturta: Daga Asibitin Bela Zuwa Ɗakin Tiyata

Mu da muka tashi a Sheshe, cikin Badala, mun san karin maganar nan, wai kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Amma ban taɓa jin wani babba ya gaya mana abin da ke cinye yatsun kuturu ba. Shi ya sa na bi diddigi.

A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta damƙa wa 'yan mishan na SIM kula da kutaren Kano. A Yadakunya suka zauna, wurin da muke kira Asibitin Bela. Haka aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Da farko allurar man wata bishiya ake yi, kafin ƙwayar dapsone ta zo wajajen 1950. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, waɗanda ke kashe ƙwayar cikin wata 6 zuwa 12.

To amma magani ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu. A Vellore ta Indiya, Dokta Paul Brand ya nuna cewa ba cutar ce ke gutsure yatsu ba, rashin jin zafi ne. Mutum ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ba, ya taka ƙusa bai sani ba, miki ya ruɓe har ƙashi. A ƙarshen shekarun 1940 ya fara karkato jijiyar tsoka mai lafiya zuwa yatsun da suka ƙanƙance, sai su miƙe. Haka ake gyara ƙafar da ke jan ƙasa da idon da ba ya rufuwa. Wannan aikin ne likitocin sa-kai ke zuwa yi a asibitocin kutare, suna kuma koya wa namu.

Sai dai tiyata motsi take maidowa, ba ta maido da ji. Nijeriya ta kai mizanin shawo kan cutar a 1998, amma har yau ana samun sababbin masu ita. Don haka, ɗan'uwa, in ka ga tabo mai haske a fata, ka taɓa ba ka ji, kar kunya ta tsai da kai a gida. Magani kyauta ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.