Rumbun fayiloli na kashin kai: Yadda ake kafa shi da ɗora kaya ta layin umarni

Rumbun fayiloli na kashin kai kwamfuta ce da mutum ko makaranta ko wata ƙungiya ke tanada domin adana fayiloli da raba su ga jama'a, ba tare da an damƙa su ga kamfanoni irin su Google ko Dropbox ba. Kwamfutar da ke wannan aiki ana kiran ta sabar. Tana iya zama a ofishin mai ita, ko kuma a yi hayar ta a wata cibiyar adana bayanai, amma a kowane hali mai rumbun ne ke yanke hukuncin wanda zai ɗora, wanda zai sauke, da tsawon lokacin da fayil zai zauna.

Buƙatar irin wannan rumbu a fili take a wurare kamar unguwar Gwallaga da ke birnin Bauchi, wadda ta yi suna da masallacinta na Juma'a. A Bauchi, kamar sauran biranen Arewa, ana naɗar tafsirin watan Azumi da huɗubobi da karatuttuka, sannan a watsa su ta WhatsApp da Telegram ko a tura su a katin waya. Wannan hanya tana da sauri, sai dai ba ta da tabbas wajen adanawa: idan waya ta ɓata ko aka rushe zauren, karatun shekaru na iya salwanta.

Lissafin girman fayil

Karatun awa ɗaya da aka naɗa a tsarin MP3 a kan kilobit 64 a kowace daƙiƙa yana kai kimanin megabait 29. Wannan ya zarce megabait 25 da Gmail ke bari a liƙa wa wasiƙa. Zama 30 na irin wannan karatu zai kai megabait 864 ko kusa da haka, kuma faifan ajiya mai terabait 1 zai ɗauki sama da awa 30,000. Bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa, shi ya sa gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta ba ya daɗewa a hannun mai naɗar taruka.

Dalilan kafa shi

Dalili na farko shi ne iko da bayanai. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin Megaupload, mutane da dama suka rasa hanyar isa ga fayilolinsu. A 2020 kamfanin Mozilla ya dakatar da Firefox Send bayan ɓata-gari sun mayar da shi hanyar yaɗa manhajoji masu cutarwa.

Na biyu shi ne katsewar intanet. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya tsayar da harkoki da yawa a Najeriya. Sabar da ke cikin gini ɗaya da masu amfani da ita tana ci gaba da aiki ta Wi-Fi ko da intanet ya ɗauke gaba ɗaya.

Na uku shi ne kuɗi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashin kira da data da ya kai kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ya sauke fayil daga sabar makarantarsa ta Wi-Fi na cikin gida bai taɓa datarsa ba.

Kayan da ake buƙata

Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta wadatar, har ma tana da fifiko domin batirinta yana riƙe ta idan an ɗauke wuta. Akwai kuma Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu da aka fara sayarwa a 2012. Na'urar da ke jan wat 10 tana cin wat-awa 240 a kwana guda, abin da ƙaramin farantin sola da batir za su iya ɗauka. Wannan lissafi yana da muhimmanci a Bauchi, inda Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos ke ba da wuta, kuma ɗaukewarta ba baƙon abu ba ne. Ƙurar hunturu da zafin watannin Maris da Afrilu su ma suna gajiyar da na'ura, don haka ana ajiye ta a wuri mai iska, nesa da taga.

Galibi ana girka tsarin Linux, kamar Debian ko Ubuntu, sannan a ɗora manhajar rabon fayil. Fitacciya a cikinsu ita ce Nextcloud, wadda Bajamushe Frank Karlitschek ya kafa a 2016 bayan ya bar ownCloud da ya fara a 2010. Kyauta ce, kuma tana da manhajar waya. Akwai kuma transfer.sh, wadda aka tsara ta musamman domin karɓar fayil daga layin umarni ta mayar da adireshin saukewa.

Mene ne layin umarni

Layin umarni taga ce da ake rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi da haruffa, maimakon danna hotuna. Ya girmi shafukan intanet da shekaru masu yawa. Tun 1971 aka wallafa ƙa'idar FTP ta tura fayil tsakanin kwamfutoci, amma tana aika kalmar sirri a buɗe. A 1995 Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya ƙirƙiro SSH, wadda ke rufe saƙo ta yadda mai leƙen asiri ba zai karanta ba. A kanta ne umarnin scp ke aiki:

scp karatu01.mp3 ajiya@192.168.1.10:/srv/tafsiri/

Ma'anarsa ita ce a kwafi fayil ɗin karatu01.mp3 zuwa jakar tafsiri a sabar da ke wannan adireshi, da sunan mai amfani ajiya.

Inda layin sadarwa ke yawan yankewa, rsync ya fi dacewa. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da shi a Ostareliya a 1996:

rsync -avP tafsiri/ ajiya@192.168.1.10:/srv/tafsiri/

Wannan umarni yana kwatanta jakunkunan biyu, ya tura abin da ya canja kaɗai. Harafin P yana nuna ci gaban aikin, yana kuma ajiye ɓangaren da aka riga aka tura, ta yadda idan layi ya yanke ba sai an faro daga tushe ba.

Na uku shi ne curl, na Daniel Stenberg ɗan ƙasar Siwidin, wanda ya samu wannan suna a 1998. Ana rubuta curl -T, sai sunan fayil, sai adireshin sabar. Fa'idar waɗannan umarnai ita ce ana iya jera su a ƙaramin fayil, a sa manhajar cron ta riƙa gudanar da su da kanta, alal misali kowane dare bayan an tashi daga karatu.

Fita zuwa intanet

Buɗe rumbun ga mutanen da ke wajen gini ya fi wahala. Kamfanonin waya kan haɗa dubban masu amfani a kan adireshin intanet guda, don haka ba a iya isa ga sabar da ke kan layin waya kai tsaye. Mafita ita ce a nemi tsayayyen adireshi daga kamfanin intanet, ko a yi hayar sabar a cibiyar bayanai. Sunan yanki mai ƙarewa da .ng ana yin rajistarsa ta hannun wakilan ƙungiyar NiRA, takardar shaidar tsaro ta HTTPS kuma Let's Encrypt na bayar da ita kyauta tun ƙarshen 2015.

Doka da tsaro

Mai rumbu yana ɗauke da alhakin abin da ke cikinsa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta sanar da ita cikin awa 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Wannan ya shafi makarantar da ke ajiye sunayen ɗalibai da hotunansu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta hana rarraba fim ko waƙa ko littafin wani ba da izininsa ba. Tun 2013 kuma ƙa'idojin hukumar NITDA suka tanadi a adana bayanan gwamnati a cikin ƙasa.

Ta fuskar tsaro, ana shiga SSH da makullin sirri maimakon kalmar sirri, ana sabunta manhaja a kai a kai, kuma ba a barin ƙofar ɗorawa a buɗe ga kowa. Ana sa wa adireshin saukewa wa'adin ƙarewa idan fayil ɗin na sirri ne.

Sabar guda ba ta isa a kira ta ajiya ba, domin faifai na lalacewa, ana kuma yin sata da gobara. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, da kwafi 1 a wani wuri dabam. Ana kuma so a samu aƙalla mutum biyu da suka san yadda rumbun ke aiki, a rubuta matakan a takarda, don kada aikin ya tsaya ranar da mai kula da shi ya yi tafiya.