Daga Ƙwallon Goriba Zuwa Ciyawar Roba: Gasar Montiriyal ta 1976 da Yaran Arewa

Tun kafin Bahaushe ya ga tamaula yana da kalmar ƙwallo. Asalinta abin da ke cikin ɗan itace ne, na goriba ko na giginya, daga baya aka laƙaba wa abin da Turawa suka zo da shi. Ina yaro a Dogon Kiriya, a yankin Arewa na Nijar, idan kaka ta yi aka kwashe gero, mukan gaigaye goriba har ta koma ƙwallo tsura, kowa ya saro reshen geza mai lanƙwasa a baki, mu rabu gida biyu a cikin gonar da aka girbe. Wanda ƙwallon ya taɓa samu a ƙwauri ba ya mantawa. Ba mu san cewa a wata duniya ana yin irin wannan wasa da mutum 11 a kowane ɓangare, har a rataya wa gwanaye zinariya ba.

Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, gasar ƙwallon gora ta maza da aka yi a wasannin Olamfik na Montiriyal, a Kanada, a 1976, ta sauya ƙasar da ake taka wasan a kai, kuma da wannan sauyi aka tace waɗanda za su iya shigarsa. Yaran Arewa na cikin waɗanda aka bari a waje, ko da yake ba su taɓa jin labarin gasar ba.

Kafin wannan shekara a kan ciyawa ake wasa, a wurare da yawa ma a kan dandaryar ƙasa. Indiya ta ci zinariyar Olamfik sau shida a jere daga 1928 zuwa 1956, ta ƙara a 1964. Pakistan ta ci a 1960 da 1968. Afirka ma tana da nata rabo: a gasar cin kofin duniya ta farko, a Barsalona a 1971, Kenya ta zo ta huɗu. Fili mai gargada yana son mai laushin hannu, wanda ya saba da ƙwallon da ke tsalle ba zato, kuma wannan gwaninta ɗan talaka yana iya koyonta a bayan gida.

A Montiriyal aka fara shimfiɗa ciyawar roba a gasar Olamfik. Niyu Zilan ta doke Ostireliya da ci ɗaya da nema ta ɗauki zinariya, Pakistan ta samu tagulla, Indiya kuwa, wadda ta ci kofin duniya a Kwala Lumfur shekara ɗaya kacal kafin nan, ta ƙare ta bakwai. Afirka ba ta taka filin ba sam. Ƙasashe fiye da 20 na nahiyar, har da Nijar da Nijeriya, sun ƙaurace wa wasannin saboda 'yan wasan zari-ruga na Niyu Zilan sun tafi yin wasa a Afirka ta Kudu ta mulkin wariyar launin fata, a shekarar da aka harbe 'yan makaranta a Soweto. Kenya ta janye, ƙasashe 11 suka rage a gasar. Ƙauracewar daidai ce, kuma ina alfahari da ita. Sai dai ranar da aka sauya filin babu ɗan Afirka a wurin.

Ita wannan shimfiɗa ba a wasa a kanta a bushe. Tsawonta ya ɗan haura mita 91, faɗinta mita 55, kuma kafin a fara sai an kwarara mata dubban litocin ruwa domin ƙwallo ya sulale, wanda ya faɗi kuma kada ya ɗaye fata. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a ƙauyukanmu cikin watan Afirilu, ya ga mata suna jan guga tun asuba, ya san abin da wannan ke nufi. Ga kuɗin shimfiɗar, ga famfo, ga wutar da za ta tura ruwan, ga sauya ta idan ta tsufa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa roba ta ƙara wa wasan sauri da adalci, tunda ƙwallo ba ya karkacewa don ya ci karo da tudu. Suna kawo Pakistan, wadda ta ci zinariya a 1984 da kofin duniya a 1994, duka a kan roba, su ce rikicin shugabanci ne ya durƙusar da ƙasashen Asiya. Na yarda da rabin wannan. Amma 'yan wasan 1984 a kan ciyawa suka koyi sana'arsu. Illar sai da ta jira 'yan baya, waɗanda suka taso ba su da filin gwaji. Bayan zinariyar 1980, Indiya ta yi shekara 41 ba ta ga lambar Olamfik ba, sai a Tokiyo, bayan ta zuba kuɗi ta gina filaye.

Ja na biyu ya fi kusa da gida. Ƙwallon gora na zamani ta hannun sojan Ingila da makarantunsu ya bazu, shi ya sa ya samu gindin zama a Gana da Nijeriya da Kenya da Masar, Faransa kuwa ba ta kawo mana shi ba. Gaskiya ne, roba ba ta kori wasan daga Nijar ba. Ƙofa ta rufe tun ba mu iso ba. A duba kokowa. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, kuma tunda yashi kawai take buƙata, yaron da ya fara kayar da tsaransa a dandalin Matankari ko Tibiri yana iya hango takobin da ake ba zakaran gasar, kamar yadda Isaka Isaka ya sha kawo shi jihar Doso. Tsani ne da matakinsa na farko ke ƙasa. Da ƙwallon gora ya zauna a kan ƙasa, babu abin da zai hana wani malamin makaranta a Dogon Dutsi ya ɗauki wasan goribar yara ya sa masa doka da raga.

Ko ƙasashen da suka gaji wasan suna fama. A wasannin Afirka na Abuja a 2003, Masar ta doke Afirka ta Kudu ta samu gurbin Olamfik na 2004, inda ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 12. A Akra a 2024, Afirka ta Kudu ta janye daga gasar saboda ba ta gamsu da shimfiɗar filin Theodosia Okoh ba, filin da ke ɗauke da sunan matar da ta zana tutar Gana, ta kuma yi wa wannan wasa hidima shekaru da yawa.

Hukumar wasan ta duniya ta fara ganin matsalar ruwan. A Janairun 2024 ta shirya kofin duniya na 'yan biyar-biyar a Maskat, a Oman, a ƙaramin fili busasshe, kuma Nijeriya da Masar da Kenya sun halarta. Na yi murna da wannan ƙwarai. Sai dai busasshiyar shimfiɗar ma daga masana'anta take fitowa, da kuɗin waje ake sayenta, kuma zai yi wuya magajin garin Dogon Kiriya ya sa ta a kasafinsa alhali akwai ƙauyukan da ke jiran rijiya.