Gyaren Kogo a Afirka ta Yamma: Ƙirar Jiki da Matsalar Rabe-rabe, da Misali daga Sabon Ibadan

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta gidaje biyu na ƙwari da ake haɗawa da sunan gyaren kogo, wato Rhaphidophoridae da Phalangopsidae, ta kuma nuna cewa na biyun ne ya kamata mai nazari ya fara zato a Sabon Ibadan.

Gabatarwa

An kafa Sabo a Ibadan a 1916 a matsayin unguwar Hausawa fataken goro da shanu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. Goro ba ya son rana. A ɗaki mai duhu da sanyi ake ajiye shi, a naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa. Irin wannan ɗaki, da rijiyoyi da magudanan ruwa, su ne mafi kusa da yanayin kogo a cikin gari, shi ya sa unguwar ta dace da tattara samfur.

Ƙirar jiki

Gidan Rhaphidophoridae, wanda Francis Walker ya raɗa wa suna a 1869, ƙwarinsa ba su da fiffike, ba su da kunne a ƙafar gaba, ba sa kuka. Bayansu na da doro, ƙafafun baya zaƙo-zaƙo, gashin laluben da ke kansu ya fi jikin tsawo. Suna da yawa a Amurka, Turai, Asiya da Ostireliya, amma a kudu da Sahara an san su ne a kudancin nahiyar, misali Spelaeiacris tabulae na kogunan Dutsen Tebur a Kef Tawun.

A Afirka mai zafi, jinsin Phaeophilacris na gidan Phalangopsidae ne ya mamaye wannan gurbi. Shi ma bebe ne, kurma, mai dogayen ƙafafu, kuma nan ruɗanin yake. Zaman duhu ne ya sa suka yi kama, ba kusancin zuriya ba. Namijin Phaeophilacris spectrum yana da fiffike, sai dai ba ya goga shi. Yakan wurga shi gaba da sauri, ya tura dunƙulen iska zuwa ga tamatar, ita kuma ta ji da gashin tsinkaye biyun da ke ƙarshen cikinta. Heinzel da Dambach sun yi bayanin wannan a 1987.

Tantancewa

A ganina ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa ya fi kowace alama tabbas: huɗu ne a Rhaphidophoridae, uku a Phalangopsidae da sauran gyare na ainihi, har da Brachytrupes membranaceus da ake tonowa a gona a ci. Bututun zuba ƙwai na mace ma shaida ne, a na farko mai faɗi kamar takobi, a na biyu siriri kamar allura. Gilashin ƙara girma na hannu ya wadatar. Tantance jinsi zuwa ƙasa kuwa sai an feɗe al'aurar namiji a ɗakin gwaji, aikin da ɗaliban nazarin dabbobi na Jami'ar Ibadan za su iya yi da samfur daga ɗakunan goron Sabo.