Asalin Al'adar Haɗa Kwamfuta da Hannu

Duk wanda ya shiga kasuwar kayan kwamfuta a yau da kuɗi ƙalilan, yana nufin ya haɗa na'urar da zai yi aikin ofis da ita a gida da rana, ya yi wasa da ita da dare, har ya sayi furosesa na kamfanin Amurka, da babban allo ƙirar Taiwan, da RAM na Koriya, da akwati daga Sin, sa'an nan ya koma gida da yaƙinin cewa waɗannan kaya, waɗanda ba masana'anta ɗaya ta ƙera su ba, za su zauna da juna lafiya, to lalle yana cin gajiyar wani al'amari ne da babu wanda ya shirya shi da niyya. Gaggawar wani babban kamfani ce sanadinsa, kuma da kamfanin ya farga ya nemi ya janye, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mafarin al'adar shi ne watan Janairu na 1975, sa'ad da mujallar Popular Electronics ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800 a bangonta. Wani ƙaramin kamfani ne a Albukaki ta jihar Niyu Meziko, mai suna MITS, yake sayar da ita a wargaje a kan ƙasa da dala 500, mai saye ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi ya harhaɗa abinsa. Ba ta da madannin rubutu, ba ta da allon kallo, sai makunnai da 'yan fitilu a gabanta, kuma abin da take iya riƙewa bai wuce bayit 256 ba. Duk da haka masu sha'awa suka yi mata ca, har waɗansunsu suka kafa majalisa a Kalifoniya a watan Maris na shekarar, suna musayar ilmi da kaya. A cikinsu akwai Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutar Apple ta farko. Amma a wannan zamani kowane kamfani da nasa tsari, kayan wannan ba su shiga na wancan sai nadiran.

Da kamfanin IBM, wanda shi ne jagaban masu manyan na'urori, ya ga ƙananan kamfanoni suna neman cinye wata sabuwar kasuwa a gabansa, sai ya ɗora wa wata 'yar ƙungiyar injiniyoyi a garin Boka Raton na Fulorida, ƙarƙashin Don Estridge, nauyin fito da ƙaramar kwamfuta cikin shekara guda. Da yake wa'adin bai isa su ƙera kome da kansu bisa al'adar gidan ba, sai suka sayi furosesa 8088 daga Intel, suka karɓi manhajar gudanarwa daga Microsoft ba tare da sharaɗin hana shi sayar wa wasu ba, suka kuma wallafa littafi mai ɗauke da zanen wayoyin na'urar filla-filla, domin wasu su sami damar ƙera mata ƙarin kaya. Ranar 12 ga Agusta 1981 aka fito da ita a kan dala 1,565.

Abu ɗaya IBM ya riƙe a matsayin mallakarsa, wato BIOS, ɗan umarnin da ke tayar da na'ura idan an kunna ta, wanda doka ta haramta kwafarsa. Sai masu hikima suka ɓullo da hila: a zaunar da rukuni ɗaya na injiniyoyi su karanta na IBM, su rubuta bayanin abin da yake aikatawa kaɗai, ban da lafazinsa, a miƙa bayanin ga wasu da za su iya shaidawa a gaban alƙali cewa ba su taɓa ganin na asalin ba, su rubuta nasu daga tushe. Da wannan hila kamfanin Compaq ya fito da tasa na'urar a 1983, kuma daga 1984 kamfanin Phoenix ya shiga sayar da irin wannan BIOS ga duk mai buƙata. A 1987 IBM ya yunƙura ya rufe ƙofa da sabon tsarin PS/2, wanda sai an biya shi haraji kafin a bi, amma jama'a suka ƙi, suka tsaya a kan tsohon tafarki, har daga bisani ya sayar wa kamfanin Lenovo na ƙasar Sin sashen ƙananan kwamfutocinsa a 2005.

Daga nan sana'ar ta rarrabu a hannun jama'a da yawa. Taiwan ta kama ƙirar babban allo, inda aka kafa kamfanonin MSI da Gigabyte a 1986, da Asus a 1989. Kamfanin AMD, wanda tun farko aka ba shi izinin ƙera furosesan Intel domin kada kaya su yanke, ya zama abokin hamayyarsa. A 1995 Intel ya shimfiɗa ƙa'idar ATX, wadda ta ƙayyade girman allo, da wuraren ramukan kusoshi, da siffar filogin wuta, masana'antu suka yi ittifaƙi a kanta, har ya zama sukuddireba ɗaya ya wadatar, ba a bukatar dalma.

Masu wasanni kuwa su ne suka mai da haɗin ya zama fanni mai usuli. Bayan fitowar wasannin Doom a 1993 da Quake a 1996, da katin hoto na Voodoo a 1996 ɗin, da GeForce 256 na Nvidia a 1999, sai mas'alar ta koma ta rabon kuɗi: nawa za a ba furosesa, nawa za a ba katin hoto, alhali aikin ofis ba ya bukatar katin, wasa kuwa ba ya tafiya sai da shi. Masu ƙaramin ƙarfi ba su manta da furosesa Celeron 300A na 1998 ba, wanda in mutum ya shiga BIOS ya ɗaga saurin babban allo daga megahaz 66 zuwa 100, sai ya tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ya kusa kamo Pentium II wanda kuɗinsa ya ninka nasa fiye da sau uku. Daga irin wannan tajriba aka gaji ƙa'idojin da ake bi har gobe, cewa israfi ne a haɗa kati mai tsada da furosesa mai rauni, kuma tsimi a kan na'urar rarraba wuta hasara ce, domin in ta ƙone tana iya tafiya da sauran kayan.

Ba a rasa jarrabawa ba, kamar ambaliyar Tailan ta 2011 da ta tsawwala kuɗin faifan ajiya, da masu haƙar kuɗin intanet da suka wawashe katunan hoto a 2021. Amma abin da ya fi waɗannan barazana shi ne cewa a wayoyin hannu da kwamfutocin cinya da yawa ana liƙe RAM a jikin allo, ta yadda mai abu ba shi da ikon ƙarawa ko musanyawa. Saboda haka akwatin tebur ne ya rage wurin da talaka zai sayi abin da ƙarfinsa ya kai bana, ya ƙara wani baɗi, kuma wannan dama za ta dawwama ne gwargwadon yadda masu saye suka ci gaba da ƙin kayan da ba a kwancewa, kamar yadda magabatansu suka ƙi a 1987.